Na ɓata kunnen Baba, shi kuma ƙaninsa yake zargi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kwana huɗu ke nan ina cikin wannan damuwa.

A Treichville ta birnin Abidjan aka haife ni, muna zaune a unguwar Belleville ni da mahaifina. Ni mayen kayan sauti ne, ban musa ba. Watan jiya na sayi wani tsohon ampli, wato injin ƙara sauti, a kasuwar Adjamé, irin mai kwalaben fitila a samansa, kayan Turai na hannu. Baba ya tsani irin waɗannan abubuwa, ya ce kar ya gan shi a gidansa, sai na kai shi ɗakina na rufe da zane.

Ran Asabar wani direba ya kawo wa Baba kaset daga garinsu Tawa ta Nijar, ƙaninsa Baffa ne ya yi magana a ciki, don su biyun ba sa karatun boko, da kaset suke gaisawa tun ina yaro. Dama akwai ɗan tsami tsakaninsu kan gonar gado. Muryar ta fita can ƙasa, Baba ya kasa ji a rediyonsa. Ni kuma sarkin iyayi, na ce ya zauna a tsakar gida, na jawo waya ta taga, na sa masa kask, abin sauraron nan, a kunnuwa ba tare da ya san inda na jona ba. Na kunna, ya ce shiru. Na ƙara volum, ya ce har yanzu shiru, na murɗa shi har ƙarshe. Wallahi na manta cewa wannan ampli ba ya magana sai fitilunsa sun yi zafi. Da suka yi, daga cikin ɗaki na ji ƙarar. Na fito na tarar da Baba dafe da kunnen hagu.

Tun ranar kunnen ke masa ƙugi, idan aka yi magana ta wannan gefen sai ya juyo da ɗayan. Jiya a masallaci liman ya yi sujada, Baba na tsaye. Na koma Adjamé wurin wani mai gyara, ya ce injin lafiya lau yake, laifina ne, ana mayar da volum ƙasa ne a jira fitilu, kuma kask ɗina ƙarami ne, irin na waya. Ya ce a kai Baba asibiti tun da wuri, in an daɗe kunne ba ya dawowa.

Baba ya ƙi asibiti. Ya ce wannan ba ciwon likita ba ne, Baffa ne ya yi masa aike a cikin kaset saboda gona, rubutu kawai yake sha. Na yi ta lallashi, ya ce ni yaron Abidjan ne, ban san mutanen gida ba. Tsoro nake ji, idan na faɗi gaskiya ban san abin da zai fito daga bakinsa a kaina ba, mutum ne mai zafi, kuma bakin uba ba abin wasa ba ne.

Direban zai koma Tawa ran Juma'a. Baba ya sayo sabon kaset, ya ce zai gaya wa Baffa babu shi babu shi har lahira, kuma ni zan danna masa rikoda. Jama'a ta ina zan fara gaya masa? In je ni kaɗai, ko in nemo liman ya zauna tsakaninmu?