Jar Tsohuwa Ta Tashi, Idona Ya Tafi

Asabar, 3 ga Maris
Ta tashi. Shekara goma sha ɗaya ina ƙarƙashin motar nan, yau na murɗa mukulli ta amsa. Mai walda, maƙwabcina, ya ce ƙarar salansar ta kusa zubar masa da shayi. Na cire kujerun baya, na sa ƙarfen kariya, na sauya kafireta sau uku. Irin wadda mahaifina ya koya mini tuƙi da ita ce, ina ɗan shekara sha biyu. Tseren tsofaffin motoci saura wata biyu.

Litinin, 12 ga Maris
Na gwada ta a filin bayan masana'anta. A kwana ta biyu na daki ganga da ɓangaren hagu. Wallahi ban gan ta ba. Mai walda ya ce ja ce, ta kai ƙugun mutum. Na ce rana ce ta shiga idona. Sai ya kama duba fitilar da ta fashe.

Laraba, 14 ga Maris
Masu tseren suna son takardar likita.

Talata, 20 ga Maris
Likita ya sa na leƙa wata na'ura, in danna maɓalli duk sanda na ga haske. Na daɗe ban danna ba, na zaci ba su kunna ba. Ya ce jijiyar idon ce take mutuwa daga gefe, abin da ya tafi ba ya dawowa, magani sai dai ya riƙe sauran. Na tambaye shi batun tsere. Ya ajiye biro ya ce, "Malam, ko kasuwa ban yarda ka tuƙa ba."

Alhamis, 29 ga Maris
Kwana tara ban buɗe gareji ba. Uwar yara ta ce dama shekarun nan da motar nake aure, ita 'yar haya ce. Da wasa ta faɗa, don in yi dariya. Ban yi ba, sai ta fita da kwanukan.

Lahadi, 1 ga Afrilu
Ɗan gwangwan mai sayen tsohon ƙarfe ya zo, ni na kira shi. Ya ƙwanƙwasa ƙofar motar yana jin nauyin ƙarfe, ko injin bai leƙa ba. Na ce ya dawo jibi. Da ya tafi na zauna a ciki, hannuna a kan sitiyari, har aka kira ni cin abinci sau biyu. Me na yi da rayuwata ban da wannan? Bikin yaye babban ɗana a makaranta ma ban je ba, ina can neman giyabos.

Talata, 3 ga Afrilu
Auta ta dawo daga aiki da kayan asibiti a jikinta, motar ɗaukar marasa lafiya take tuƙawa, shekara shida ke nan. Ta tarar da ɗan gwangwan a ƙofa, ta sallame shi ba da izinina ba. Na yi mata faɗa sosai. Ta tsaya har na gama, sannan ta ce, "Baba, tun ina ƙarama nake miƙa maka sifana, ba ka taɓa cewa in zauna a gaba ba."
Na ce wannan ba motar asibiti ba ce, kuma ba ta kowa ba ce. Ta tafi ba sallama.

Asabar, 7 ga Afrilu
Na zuba shayi a gefen kofi. Na goge kafin a gani.

Litinin, 9 ga Afrilu
Na shiga gareji don in cire batir kawai, kar ya mutu a banza. Kusoshin kujerar direba sun yi tsatsa, sai na kwance su. Da na zo mayarwa na matsar da ita gaba kamar yatsa huɗu. Ramukan can sun fi kyau, shi ke nan. Mai walda ya leƙo ya ce kujerar ta yi mini kusa. Na ce ya je ya ji da aikinsa.
Ban cire batirin ba. Auta tana hutu ranar Laraba.