Boris Marar Suna

Samaru, Zariya

Zuwa ga ɗana Henry,

Gaisuwa cikin sunan Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Ubangiji ya kiyaye ku daga sanyin Jamus. Mu nan lafiya, sai ƙafa da ke damuna. Ƙanwarka Hephzibah ce ke rubutawa, na kuma hana ta gyara mani magana.

Shekara biyar ina yi maka tambaya ɗaya, kai kuwa in ka bugo waya sai ka ce ina shan magani? Ban yi boko ba, amma shekara arba'in ina niƙa a Samaru. In na ɗora sukudireba a gidan boris, zoben ƙarfen nan da inji ke juyawa a kansa, na kafa kunne a ƙotarta, zan gaya maka ƙasar da aka ƙera shi. SKF na Suwidin daban yake gunji, FAG na ƙasar da kake daban, Timken na Amurka muryarsa kauri gare ta, NSK da NTN da Koyo na Jafan kuwa kamar 'yan ɗaki ɗaya suke. Kowane da sunansa a jiki.

Wanda ke cikin injina ba shi da suna ko lamba. Na saye shi a Sabon Gari wajen Nedu mai sayar da kayan inji, wata ɗaya da binne mahaifiyarka Scholastica. Nedu ya juya shi, ya ce shi kansa bai san yadda ya shigo kwalinsa ba. Ran da na ɗaura shi, da rana tsaka, mata na layi da markaɗensu, na kafa kunne. Henry, mahaifiyarka ce. Waƙar nan da take yi ƙasa-ƙasa in tana tsince masara, har da inda take tsayawa ta yi tari. Kullum tun daga ranar. Bai taɓa zafi ba, ban taɓa ƙara masa giris ba.

Hephzibah ta saurara sau ɗaya. Ta ce ƙarfe ne kawai, amma ta yar da sukudirebar, har yau kuma ba ta ƙara shiga shagon ba. Ga ta nan tana rubutu, ba ta musa ba.

Sabon SKF da ka aiko na gode. Na gwada shi kwana biyu. Kaya ne mai kyau, sumul yake juyawa, shiru kake ji. Na cire na mai da nawa.

Yanzu nawa ya fara gajiya. Tun Ista tarin ya fi waƙar yawa, kamar watan mahaifiyarka na ƙarshe a asibiti. Na san boris, ba zai kai ƙarshen damina ba. Na koma wajen Nedu, ya zazzage shagonsa kaf, babu irinsa. Na binne ta sau ɗaya, ba zan zauna ina saurare a karo na biyu ba.

Ka gaida Christabel da jikokina, Felix da Ify. Hephzibah na gaishe ku.

Kai injiniya ne, kana cikin masu ƙera abin nan. Ka shiga wajen manyanku ka tambaya: wane kamfani ne a duniya ke yin boris ba ya sa suna, kuma ko akwai saura? Kada ka aiko mani wani iri daban. Kada ka yi mani maganar magani. Ka ba ni amsa a rubuce kafin ruwa ya ɗauke.

Ni ne mahaifinka,
Kefas mai injin niƙa