Wayar da Na Murɗa a Fiyus

Litinin, 15 ga Fabrairu, 1993

Firizar ta iso, ta hannu ce amma garau. Matata Aishatu sai murna, wai da azumin nan duk unguwarmu ta Badarawa a wurinta za su sayi ƙanƙara. Muna jonawa wutar gidan ta ɗauke. Fiyus ya tsinke. Na sa sabuwar waya, ta sake tsinkewa.

Laraba, 17 ga Fabrairu

Jibrin mai wayarin ya zo ya duba. Ya ce akwatin fiyus ɗinmu tun na zamanin ƙwan fitila uku da fanka ɗaya ne. Sai an sauya shi duka, a ja waya mai kauri, a raba layinmu da na ɗakin Bawa, direban nan Bakatsine da ke haya a wurina. Naira dubu biyu da ɗari shida! Na ce masa ko gida zai saya da kuɗin? Ya ce, "Malam Audu, kai fa ka san wuta." To da ma. Shekara ashirin ina gyaran rediyo, Jibrin ne zai koya mini?

Bayan ya tafi na yanko wayar tagulla mai kauri, na murɗa ta a gurbin siririyar. Ko sisi ban kashe ba. Firiza na ta gurnani.

Asabar, 27 ga Fabrairu

Ciniki ya kankama, yara har layi suke yi kafin magariba. Na taɓa akwatin ɗazu, da ɗumi. Zafin gari ne.

Talata, 9 ga Maris

Innalillahi. Gobara bayan azahar, daga silin ɗin ɗakin Bawa. Allah Ya taimaka maƙwabta suka kashe da wuri. Katifa ta tafi, da akwatin da matarsa Laraba ta tara kayan jariri, ga ta da cikin wata takwas.

Wani cikin taron ya ce ai hitar dafa ruwa ce, matan nan ba sa ji. Ni kuma, a gaban kowa, na ce, "Na sha faɗa mata." Ban taɓa faɗa mata komai ba. Da azumi a bakina na yi wannan maganar.

Laraba, 10 ga Maris

Ta katanga na ji Bawa yana mata faɗa. Ita dai cewa take, "Wa ke dafa ruwa da rana tsaka cikin azumi?" Daga nan sai kuka. Na ƙara muryar rediyo.

Juma'a, 12 ga Maris

Bawa ya zo ya durƙusa a zaure, ya ajiye naira ɗari huɗu, wai na gyaran silin. "Baba, a yi haƙuri, kada a tashe mu. Ga halin da take ciki." Na ce ba komai, Allah Ya kiyaye gaba. Kuma na karɓa. Na karɓa!

Da shan ruwa na ture kunun gefe. Aishatu ta tambaya, na ce ciwon kai.

Lahadi, 14 ga Maris

Jibrin ya zo don a maido mana wuta. Ya zare fiyus, ya daɗe yana kallonsa. Ya warware wayata, ta yi baƙi ƙirin, ya sa mini a aljihun riga da hannunsa. Ya juya ya ci gaba da aikinsa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na san aikin siririyar waya: ta tsinke kafin gida ya kama. Haka nake gaya wa masu kawo mini gyara.

Talata, 16 ga Maris

Na sayar da babur ɗina, Basfa. Zuwa shago da ƙafa ma motsa jini ne.

Alhamis, 18 ga Maris

An kafa sabon akwati, layi biyu. Dubu uku ya ci yanzu, har da wayar da ta ƙone. Ban yi tayi ba.

Bayan la'asar na tare Bawa a ƙofar masallaci, mutanen ranar gobara na tsaye. Na mayar masa da kuɗinsa, na fito da wayar, na faɗi abin da na yi. Sai ya ce, "Baba, ba ni za ka faɗa mawa ba. Ita."

Na je ƙofar ɗakin na yi sallama. Ta amsa daga bayan labule. Na fara kame-kame, sai ta ce, "Ai na sani, Baba. Ina wanke-wanke ranar da ka sa wayar."

Na ce me ya hana ta faɗa? Ta ce, "Kai fa babba ne."

Ban san yadda na dawo ɗaki ba.

Asabar, 20 ga Maris

Aishatu ta shiga kasuwa ta haɗo kayan jariri, ni na ce ta je. Ba wani abu ba ne, ai ko maƙwabci ya yi.

Wayar na nan a aljihu. Aishatu ta so yar da ita wurin wanki, na ce ta bar mini.