Na Raba Mahaifina da Butar Shayinsa

Lalla Zuhur, don Allah ki taimake ni. Yau kwana tara ke nan mahaifina bai sa hannu a kwano ɗaya da mu ba, kuma ni na jawo.

Gidanmu yana wani ƙauye a kan dutse, gaba da Azilal. Shekara shida ke nan muna saukar matafiya, Turawa da 'yan Kasablanka masu gudun hayaniya. Wallahi ba wani abin kallo gare mu ba. Tajin ɗin Inna, wato naman da take dafawa a tukunyar ƙasa, da kuskus ɗinta na Juma'a ke kawo su, sai kuma shayin Baba. Tun ina yarinya babu wanda ya taɓa haɗa wa baƙo shayi a gidanmu sai shi. Za a ajiye tire a gabansa, ya fasa dunƙulen sukari da 'yar gudumarsa, ya tsince na'ana'a ganye-ganye, ya ɗaga buta har kafaɗa ya tsiyayo, kumfa ta taso, ko ɗigo ba ya sauka a tire. Akwai wani tsoho da ya dawo sau uku daga Beljiyam, ya ce don wannan kawai yake zuwa.

To, bara hannunsa na dama ya fara rawa. Duk mun gani, duk muka yi kamar ba mu gani ba. Inna dai ta daina cika butar. Sai kwanan nan shayi ya kuɓuce masa ya zubo wa wata Bafaranshiya a ƙafa. Ba ta ƙone sosai ba, kuma matar kirki ce, ta yi ta cewa ba komai. Amma yayana Yidir ya ja ni gefe ya ce in labarin nan ya bazu mun shiga uku, tunda ni Baba yake jin maganata, in san yadda zan yi.

Ni kuwa na kasa tunkarar Baba da maganar. Washegari sai na haɗa shayin a kicin, na zuba a kofuna, na shigo da shi kamar mai shayin tasha. Lalla, ke kin san abin da wannan ke nufi. Baba yana zaune a wurinsa, ya riga ya wanke hannu, ya naɗe hannun jallabiyarsa yana jira. Ya kalli tiren, ya kalle ni, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ashe otel muka buɗe." Ya tashi a gaban baƙi ya fita.

Tun ranar, da sassafe yake tafiya gindin zaitun ɗinsa da guntun burodi, sai magariba. Inna ba ta yi min magana sai dole. Yidir, da ya tura ni, cewa yake Baba zai huce, shi ko a jikinsa. Baba kuwa ramewa yake a kan idona, Lalla, kuma ina jin kunyar kaina. In na mayar masa da buta ya ƙone wani fa? In kuma na bar shi haka, tsoro nake ji kada in rasa shi yana raye.

Mai laifi, daga Azilal

'Yata,

Tsoronki gaskiya ne. Ruwan zafi ba abin wasa ba ne, kuma baƙon da ya sauka gidanku amana ne. Yayanki ma bai yi ƙarya ba, sai dai ya labe a bayanki, wanda bai kamata ba.

Amma ki gane inda kika yi kuskure. Ba rawar hannun ce ta kore shi daga kwano ba, ya san da ita kafin ku. Abin da ya yi masa zafi shi ne an yanke hukunci a kansa a kicin, ya ji a gaban baƙi. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana karɓar baƙi, ranar nan ya zama baƙo a gidansa.

Ki same shi can gindin zaitun ɗin, ke kaɗai, kada ki kai abinci don ya zama dalili. Ki ce kin yi laifi, ba tare da "amma" ba. Sannan ki faɗi abin da kowa ke ɓoyewa: hannunsa yana rawa, kina tsoro. Ku kai shi likita cikin makon nan, kuma Yidir ne zai kai shi, domin wata rawar hannun tana da magani.

Tire kuma ya koma gabansa. Shi zai auna ganye, ya sa sukari, ya ɗanɗana, ya ce ya yi ko bai yi ba. Tsiyayowa kaɗai za a karɓar masa, kuma shi zai zaɓi wanda zai koya wa. In ke ya zaɓa, zai yi faɗa, zai ce kumfarki ba ta kai ba, ki haƙura ki sake.

Kada ki jira ya huce. Tsofaffi irinsa ba sa kuka a gaban 'ya'yansu, cin abinci suke dainawa. Ki je yau.

Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya zuciyarsa a kanki.

Lalla Zuhur