Gwangwanin Ladan Yari

Gurbin Bore, 9 ga Ramalan, 1421

Zuwa ga taubashina Hayatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargidanka Adda da mutanen Jangeru duka. Ya ibada? Ya shanu, in akwai sauran waɗanda rowarka ba ta ramar ba?

Yau kwana huɗu ban kira salla ba. Shekara talatin da ɗaya ina ladanci, ko ranar da aka haifi ɗiyata Asiya ban fasa ba, sai ga shi bakina ya kayar da ni. Harshe ya tsattsage, dasashi na jini, wani farin abu ya shimfiɗu a ganɗa kamar kindirmo. In na ɗaga murya sai ta maƙale. Ɗantani mai shayi ke riƙe min lasifika yana kiran salla, kuma na lura har ya ɗinka sabuwar riga. Liman Rufa'i ya ce in ban warke kafin Salla ba, dole jama'a su tsayar da wani. Ban ga laifinsa ba.

Abin mamaki, bana na fi kowace shekara kiyayewa. Da Shari'a ta zo, na ce bari ni ma in gyara nawa. Tun azumin nafila na Rajab na samu gwangwanin madara na zuba yashi don tofar da miyau, duk inda na zauna yana gefena. Ko ɗigon miyau ban bari ya wuce maƙogwaro ba daga alfijir zuwa magariba, yadda muka ga kakarmu na yi. Matata Kulsumu ta ce kajinta ma sun daina shiga zaure.

Jibi Asiya za ta kai ni asibiti Kaura. Ka sa ni a addu'a.

Naka,
Yari

Gurbin Bore, 16 ga Ramalan

Hayatu,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan ƙafar Adda ta yi sauƙi.

Mun je Kaura. Likitar haƙori, wata Firdausi, ta leƙa bakina, sannan ta leƙa gwangwanin da na ajiye gindin kujera. Ta daɗe tana dubansa. Cikin ladabi ta ce, Baba, ai maganinka ne kake zubar wa yashi.

Ashe miyau ba ƙazanta ba ne. Ta ce Allah Ya sa wasu sinadarai a cikinsa masu kashe ƙwayoyin cuta da hana su manne wa haƙori. Shi ke wanke ragowar abinci, ya kashe tsamin da ke cin haƙora, ya taimaki miki ya warke. Ƙwayar hawan jinin da nake sha ta riga ta rage min shi, ɗan abin da ya saura kuma ni na bi shi da kora. Ga mintin da nake tsotsa bayan shan ruwa don gyaran murya, ashe ƙwayoyin cutar nake yi wa buɗa-baki.

An canja min ƙwaya, an ba ni maganin farin abin. Ta ce in yawaita ruwa tsakanin magariba da sahur, in riƙe asuwaki, in bar minti. Batun azumi kuwa, ta ce wannan na malamai ne.

Na tambayi Liman. Ya ce haɗiye miyan bakinka ba ya karya azumi, kuma sau uku yana faɗar haka a wajen tafsiri, ina zaune dab da shi ina fama da gwangwani. Kada ka gaya wa Adda wannan.

Naka,
Yari

Gurbin Bore, 27 ga Ramalan

Hayatu,

Gaisuwa da fatan alheri, Allah Ya karɓi ibadunmu.

Farin abin ya baje, jinin ya tsaya. Jiya da azahar Ɗantani ya miƙo min lasifika da kansa, ya ce dama shi tsaron tukunyarsa ya fi masa. Ban yarda ba, amma na gode masa.

Na tsaya na fuskanci alƙibla. Na tara miyau, na yi bisimilla, na haɗiye. Ban san Ɗantani ya riga ya kunna na'urar ba. Kulsumu ta ce tana tsakar gida ta ji wucewarsa, ƙwat, kafin kabbara, kuma ta tabbata har bakin kasuwa an ji. Murya dai ta fita har ƙarshe ba ta maƙale ba.

Ka zo Salla ka ji da kunnenka. Gwangwanin yana wurin Kulsumu, kaji na shan ruwa a ciki.

Ka gaida Adda. Wassalam.

Taubashinka,
Yari, Ladan