Wace Ƙafar Ce, Hagu Ko Dama?

Baban Adawiyya,

Na samu babur mai shiga gari, na koma asibiti da yarinyar. Ka yi haƙuri, ban jira dawowarka ba.

Jiya likitar gashin ƙashi ta nuna min yadda zan riƙa miƙar mata da ƙafa. Yau na gwada, ta tsala ƙarar da ban taɓa ji ba. A takardar da likitar ta ba ni hagu ta zana, ni kuma dama na ga ta kama. Ban sani ba, gyarawa nake ko ɓatawa.

In la'asar ta riske mu, gidan Yaya Bara'atu za mu kwana.

Amma ɗazu yarinyar ta dafa turmi ta miƙe, karon farko a shekara biyu. Wallahi na rasa ko murna zan yi.

Saude