Ƙorafi Kan Kwadon da Aka Garƙama wa Ɗakin Maganaɗisu

Lombe Katongo,
Gida mai lamba 14, Unguwar Kabushi,
Ndola.
9 ga Satumba, 2024.

Zuwa ga:
Shugaban Hukumar Gudanarwa,
Asibitin Ƙwararru na Lubansa,
Ndola.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: RUFE ƊAKIN JINYAR MAGANAƊISU DA KATSE JINYAR MATATA, BUPE KATONGO

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ni ne mai suna a sama, tsohon magatakarda a tashar jirgin ƙasa, yanzu ina ritaya. Na rubuto ne a madadin matata, wadda duk kasuwar Masala ta sani da Bana Mapalo mai ɗinki, wato Maman Mapalo, kuma wadda take fama da ciwon damuwa mai tsanani shekara ta huɗu ke nan. Da kanta ya kamata ta rubuto, to amma a halin da ake ciki ko amsa gaisuwa nauyi yake mata. Ga ƙorafina kamar haka:

1. Cewa tun shekarar 2021 babu abin da likitocinku suka ce mu yi wanda ba mu yi ba. An ba ta ƙwayoyi iri uku. Na farko ya kwantar da ita barci dare da rana, na biyu ya sa mata rawar hannu har zare ya gagara shiga allura, na uku kuwa ƙiba kawai ya ƙara mata. An haɗa ta da mai ba da shawara, baiwar Allah mai haƙuri, amma matata ba ta ce mata uffan ba. Bara aka yi mata jinyar lantarki, wadda sai an sa mutum barci. Ba zan yi butulci ba, ta ɗaga ta na 'yan watanni. Sai dai ta fito ta manta awon matan da ta shekara ashirin tana yi wa ɗinki, ciwon kuma ya dawo. Ban raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, don na san waɗanda suka yi wa amfani. Ita ce dai ba su riƙe ba.

2. Cewa a watan Yunin bana likita ta umarce ni in kawar da duk wani abu mai kaifi daga gida. Na ɓoye almakashinta a cikin silin. Ina fata ba sai na yi wa mai girma Shugaba bayanin dalili ba.

3. Cewa ranar 15 ga Yuli Likita Namwinga Siame ta fara mata jinya da na'urar maganaɗisu da wata ƙungiya ta ba asibitin kyauta. Zama take yi a kujera ido biyu, a ɗora mata abin a gefen kai yana ƙwanƙwasawa, a gama ta sauko mu hau bas mu koma gida. Iyakar kukanta ɗan ciwon kai. An tsara mako shida. A mako na uku na dawo na tarar ta tuƙa nshima, tuwonmu na masara, da kanta, ta dubi wuyan rigata ta ce, "Bashi Mapalo, wane ɗan koyo ne ya yi maka wannan ɓarnar?" Baban Mapalo ke nan, haka take kirana. Ranka ya daɗe, ban taɓa jin daɗin faɗa kamar na ranar ba. Da izinin likita na sauko da almakashin na miƙa mata, ta shimfiɗa atamfar citenge ta fara yanka rigar jikarmu.

4. Cewa ranar 12 ga Agusta muka tarar da ɗakin a garƙame da kwado, an gitta jan kintinkiri a ƙofar. Jami'in mulkinku, Ba Simukonda, wato Malam Simukonda, ya sanar da ni cewa ba a ƙaddamar da na'urar ba tukuna, sai babban baƙo ya zo daga Lusaka ya yanke kintinkirin, kuma zai zama abin kunya baƙo ya tarar da kujerar da aka riga aka zauna a kai. Wato sauƙin da matata ta samu ba ya bisa ƙa'ida, tun da ta same shi kafin a yi jawabi. Sau uku ke nan ana ɗage bikin. Na farko rumfa ba ta iso ba, na biyu baƙon ya tafi jana'iza, na uku kuwa an ce ba a gama ɗinka rigunan mawaƙa ba. Da an bar telar Masala ta warke, da wannan uzurin bai taso ba.

5. Cewa da na roƙe shi, yana tsaye yana duba masu shafa wa duwatsun hanya farar ƙasa, ko waiwayowa bai yi ba ya ce, "Haba Ba Katongo, magani ai magani ne. Ku koma kan ƙwaya, duk ɗaya ne." Ina so a rubuta cewa mutumin da ya yanke wannan hukunci, iyakar saninsa a harkar asibiti shi ne inda ake jera kujerun roba. Bai san bambancin hannun da yake rawa da wanda yake riƙe allura ba, kuma bai ga dalilin tambaya ba. Likita Siame ta yi masa bayani da baki, ta yi a rubuce. Amsar da ya ba ta ita ce ta tanadi farar riga mai guga saboda hoto.

6. Cewa matata ta koma kwanciya tana fuskantar bango. Rigar jikar tana nan a kan keken ɗinki, hannu ɗaya a yanke. Ranar 2 ga Satumba na sake ɗauke almakashin, wannan karon a gaban idonta, ba ta ko tambaye ni ba. Tsoro nake ji, ranka ya daɗe, kuma ban iya ɓoye shi ba.

Saboda haka ina roƙo cikin ladabi a cire kwadon nan take, a bar wa Likita Siame hukuncin ko a ci gaba daga inda aka tsaya ko a faro daga farko. Ba Simukonda kuwa a bar shi da rumfuna da kujeru, inda babu mai gasa da shi.

Idan kuma kintinkirin ne ya gagari Hukuma, na haɗo da almakashin matata a cikin wannan ambulan. Yana da kaifi, kuma ba ya buƙatar baƙo daga Lusaka. In an gama da shi, ina roƙon kada a maido mini gida. A ba Likita Siame ta ajiye, ita za ta san ranar da za a sake miƙa wa mai shi.

Ina mai ƙanƙan da kai a gaban kujerarka, tare da jiran amsa.

Naka cikin biyayya,

(sa hannu)
Lombe Katongo

Kwafi zuwa ga: Likita Namwinga Siame.